Yadda Ake Raba Dogayen Kalmomin Ingilishi Gaɓa-Gaɓa da Gano Inda Ƙarfinsu Yake

Doguwar kalmar Ingilishi irin su administration, responsibility ko investigate, daga goshi ido yake fara karanta ta, amma hukuncin yadda za a furta ta a ƙeya yake. Haruffa uku ko huɗu na ƙarshe su ne ke nuna gaɓar da za a ƙarfafa, kuma da zarar an san wannan gaɓar, kowane wasali a kalmar ya san matsayinsa. Mafi yawan waɗannan dogayen kalmomi daga Latin suka fito, wasu kai tsaye, wasu ta hannun Faransanci, kuma da tsarinsu suka zo. Wanda ya kama tsarin ya huta da haddar kalmomi ɗaya bayan ɗaya.

Zan riƙa rubuta gaɓar da ake ƙarfafawa da manyan haruffa, kamar yadda ake yi a takardar gwajin furucin Ingilishi ta WAEC da NECO, in kuma raba gaɓoɓi da ɗan layi: ed-u-CA-tion. Furucin Ingila na bi, tunda da shi ake auna ɗalibanmu. Inda na Amurka ya saɓa sosai zan faɗa.

Abu biyu kafin a fara

Na farko, dalilin rikicin. Ingilishi na asali ɗan dangin harsunan Jamus ne, kuma a wannan dangi ƙarfi a gaɓar farko ta saiwar kalma yake zama, ba ya gusawa ko me aka liƙa mata: FA-ther, FA-ther-ly, FA-ther-less. A 1066 William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a, kalmominsa suka kwararo cikin Ingilishi, shi kuwa Faransanci a ƙarshen kalma yake sauke murya. Daga baya, a ƙarni na 16 da na 17, masu ilimi a Ingila suka riƙa ɗebo kalmomi daga littattafan Latin don rubutun kimiyya da addini da shari'a, Latin kuma yana da nasa tsarin mai ƙirga daga baya. Tsari uku ke nan a baki ɗaya. Tsofaffin kalmomin Faransanci irin su NA-ture da HON-our, Ingilishi ya daɗe da janyo ƙarfinsu gaba. Waɗanda suka shigo a makare irin su tech-NIQUE sun riƙe nasu a ƙarshe. Dogayen na Latin kuma ƙeyarsu suke bi.

Na biyu, abin da ake nufi da ƙarfi. Hausa harshe ne mai karin sauti. Kuka na itace da kuka na hawaye, hawa da saukar murya ne suka raba su, amma a duka biyun kowace gaɓa tana fita da wasalinta a cike. Ingilishi ba ya yin wannan adalci. Gaɓa ɗaya ce ke kwashe rabo: ta fi tsawo, ta fi fitowa fili, murya tana juyawa a kanta, wasalinta cikakke. Sauran ana tauye su, yawancinsu wasalinsu ya koma wani ɗan gajeren sauti marar kama da masana ke kira shwa, wanda alamarsa a ƙamus ita ce ə. Saboda haka ƙarfafa gaɓa ba ɗaga murya ba ne kawai. Rabin aikin, ko ma fiye, rage wa sauran gaɓoɓin ƙarfi ne.

Mataki na ɗaya: ƙirga gaɓoɓi da kunne

Kowace gaɓa sautin wasali ɗaya gare ta. Sauti nake nufi, ba harafi ba. Rufe bakinka ka yi gunjin kalmar ta hanci, ka ƙirga sau nawa murya ta buga. Wasu malamai suna cewa a sa hannu a ƙarƙashin haɓa a ƙirga saukarta, amma wannan dabara tana tsallake raunanan gaɓoɓi, don haɓa ba ta cika motsi a kansu ba. Gunji ya fi.

Ga wuraren da ido ke yaudarar mutum. Harafin e na ƙarshe yawanci ba a furta shi, don haka educate gaɓa uku ce, ba huɗu ba. Ƙarshen -tion, -sion, -cian, -cial, -tial da -cious, duk da wasula biyu ko uku da ake gani a rubuce, gaɓa ɗaya ce kowanne: na-tion, so-cial, de-li-cious. A wani gefen kuma akwai wasulan da ke jere da juna amma kowanne da gaɓarsa: cre-ate, sci-ence, so-ci-e-ty, re-al-i-ty, sit-u-a-tion. Kalmar pro-nun-ci-a-tion gaɓa biyar ce.

Sai kuma abin da ya shafe mu musamman. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa kalmar da muka aro mai irin wannan jerin baƙaƙe sai mun cusa mata wasali: burodi, firamare, furofesa, asibiti. A Hausa wannan daidai ne, haka harshen yake so. Amma idan bakin ya ɗauki wannan ɗabi'a ya shiga da ita Ingilishi, sai in-struc-tion mai gaɓa uku ta zama mai biyar, kuma lissafin da za mu yi daga baya duk ya rushe, tunda ƙirgar gaɓoɓi ce tushensa. Akwai kuma kishiyar haka, wato kalmomin da Turawan da kansu suke haɗiye musu gaɓa: comfortable, vegetable da interesting yawanci gaɓa uku-uku ake furta su, different kuma biyu.

Mataki na biyu: cire ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya

Doguwar kalmar Latin kusan kullum gini ce mai sassa uku. A gaba akwai ɗafa-goshi: ad-, con-, de-, dis-, ex-, in-, inter-, ob-, per-, pre-, pro-, re-, sub-, trans-. A tsakiya akwai saiwa, irin su port mai ma'anar ɗauka, duc mai ma'anar ja-gora, spect mai ma'anar duba, scrib mai ma'anar rubutu, struct mai ma'anar gini. A baya kuma ɗafa-ƙeya, wani lokaci biyu ko uku a jere. Ɗauki fensir ka ja layi bayan ɗafa-goshi da gaban ɗafa-ƙeya. A trans-port-ation ko in-spect-or, da wannan kaɗai rabin rabon ya ƙare.

Ɗafa-goshin Latin yana da halin rikiɗa ya yi kama da baƙin da ke binsa. Con- yana zama com-, col-, cor-. In- yana zama im-, il-, ir-. Ad- yana zama ac-, af-, ap-, at-. Sub- yana zama suc-, suf-, sup-. Daga nan ne tagwayen baƙaƙe suka samo asali a collect, illegal, approve, support da accommodate. A rubuce ana raba su a tsakani: col-lect, sup-port, ac-com-mo-date. A baki kuwa baƙi ɗaya ake furtawa. Wannan yana buƙatar lura, domin mu a Hausa ninkin baƙi na gaske ne, shi ya raba baba da babba. A Ingilishi kada ka tsaya a kan tagwayen, wuce kamar ɗaya ne. Inda aka saɓa shi ne cc idan e ko i ya biyo baya, nan sauti biyu ne, k da s: ac-cept, suc-cess, ac-ci-dent.

Mataki na uku: raba abin da ya rage a tsakiya

Idan baƙaƙe biyu suka shiga tsakanin wasula biyu, raba su: ad-mit, sub-ject, fun-da-men-tal. Sai dai idan haɗin irin wanda zai iya fara kalmar Ingilishi ne, kamar pr, tr, cl, pl, sp, scr, str, to bar su tare su fara sabuwar gaɓa: de-scribe, re-spect, ab-stract, con-struct.

Idan baƙi ɗaya ne a tsakani, wasalin da ke gabansa ne ke yanke hukunci. Dogon wasali yana sakin baƙin ya tafi gaba: na-tion, mo-tion, le-gal. Gajeren wasali mai ƙarfi yana riƙe shi: nat-u-ral, pos-i-tive, ed-u-cate. Ka ga ke nan wannan mataki ba ya kammaluwa sai an san inda ƙarfi yake, don haka yi rabon wucin gadi, ka dawo ka gyara bayan mataki na huɗu. Kada kuma ka ɓata lokaci a kan inda baƙi ɗaya zai faɗa. Ƙamusoshi ma suna saɓawa a kai, kuma ɗigon da wasunsu ke sawa a tsakiyar kalma wurin yanke ta a ƙarshen layin rubutu yake nunawa, wanda ba kullum ya dace da furuci ba. Yawan gaɓoɓi da jerinsu shi ne abin da kake buƙata.

Mataki na huɗu: dubi ƙeya, ka ƙirgo daga baya

Nan ne zuciyar aikin. Ɗafa-ƙeya hali huɗu gare su.

Rukuni na farko, kuma mafi amfani, su ne masu ajiye ƙarfi a gaɓar da ke dab da su ta gaba. Duk tsawon kalmar, ba ruwansu. Su ne -tion, -sion, -cian, -cial, -tial, -cious, -ic, -ical, -ity, -ify, -ial, -ious, -ience, -ual da -uous. Gwada: ad-min-is-TRA-tion, de-CI-sion, pol-i-TI-cian, of-FI-cial, con-fi-DEN-tial, sus-PI-cious, sci-en-TIF-ic, po-LIT-i-cal, u-ni-VER-si-ty, re-spon-si-BIL-i-ty, i-DEN-ti-fy, ma-TE-ri-al, ex-PE-ri-ence, in-di-VID-u-al, con-TIN-u-ous. Idan lokacinka kaɗan ne, -tion da -ity da -ic kawai ka riƙe, don su ukun sun kwashe kaso mai yawa na dogayen kalmomin da za ka haɗu da su a jarida ko littafin makaranta. Biyun farko kusan ba sa saɓa alkawari. A cikin masu -sion, tel-e-vi-sion ce fitacciyar mai taurin kai, wadda da yawa ke ƙarfafa gaɓarta ta farko. Shi kuwa -ic yana da 'yan tawaye da ya kamata a haddace: AR-a-bic, POL-i-tics, CATH-o-lic, RHET-o-ric, LU-na-tic, da a-RITH-me-tic idan sunan darasin lissafi ake nufi.

Rukuni na biyu su ne masu tura ƙarfi zuwa gaɓa ta uku daga ƙarshe. Babbansu shi ne -ate a kalma mai gaɓa uku ko fiye: ED-u-cate, DEM-on-strate, CON-cen-trate, com-MU-ni-cate, in-VES-ti-gate, con-GRAT-u-late, e-LIM-i-nate. A nan ne furucin da aka saba ji a Najeriya ya fi rabuwa da na Ingila, domin mu a kan -ate ɗin kansa muke sauke ƙarfi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: wasalin wannan gaɓa cikakke ne, kunne kuwa yana ɗauka duk gaɓa mai cikakken wasali a ƙarshe ita ce mai ƙarfi. A hira tsakaninmu kowa yana gane kowa, ba abin kunya ba ne. Amma a ɗakin jarrabawa maki ne ke zubewa. Ƙarin -ed, -ing ko -or ba ya canza komai: ED-u-cat-ed, in-VES-ti-gat-ing, ad-MIN-is-tra-tor. Idan kalmar suna ce ko sifa, ƙarfin yana nan inda yake, sai dai -ate ɗin ya raunana ya koma kamar "ət": GRAD-u-ate na wanda ya gama jami'a, DEL-e-gate na wakili, SEP-a-rate na abin da ke ware. Aikatau masu gaɓa biyu kuwa a Ingila ƙarshe ake ƙarfafawa: cre-ATE, trans-LATE, do-NATE.

A wannan rukuni akwai -tude da -ute: AT-ti-tude, GRAT-i-tude, CON-sti-tute, EX-e-cute, SUB-sti-tute, ban da con-TRIB-ute da dis-TRIB-ute da suka fita daban. Akwai kuma 'yan uwansu na Girka da suka biyo hanya ɗaya, -ology, -ography, -ocracy, -onomy: bi-OL-o-gy, ge-OG-ra-phy, de-MOC-ra-cy, e-CON-o-my. Gajerun kalmomi masu -ize ma haka suke faɗawa: OR-gan-ize, REC-og-nize, CIV-i-lize.

Rukuni na uku su ne masu ɗauke ƙarfin da kansu, kuma kusan duk daga Faransanci suke: em-ploy-EE, ref-u-GEE, en-gi-NEER, vol-un-TEER, u-NIQUE, cig-a-RETTE, ques-tion-NAIRE, bal-LOON. Com-MIT-tee ba ta cikinsu, duk da kamannin. A tsakiya ƙarfinta yake. 'Yan uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da suka fara da Faransanci a makaranta, wannan rukunin mai sauƙi ne a wurinsu. Matsalarsu tana wajen kalmomi irin su nation da administration, waɗanda rubutunsu ɗaya ne a harsunan biyu, sai baki ya kai ƙarfin ƙarshe bisa sabo.

Rukuni na huɗu su ne 'yan ba-ruwanmu: -ment, -ness, -ly, -ful, -less, -er, -ist, -ism, da -able a mafi yawan lokuta. Idan ka ga ɗayansu, rufe shi da yatsa ka nemi ƙarfin kalmar da ta rage: GOV-ern ta ba da GOV-ern-ment, de-VEL-op ta ba da de-VEL-op-ment, con-SID-er ta ba da con-SID-er-a-ble, of-FI-cial ta ba da of-FI-cial-ly. Ana samun masu zamewa, irin su AD-mi-ra-ble da PREF-er-a-ble da suka bar inda ad-MIRE da pre-FER suka ajiye su, da ad-VER-tise-ment ta Ingila wadda Amurkawa ke cewa ad-ver-TISE-ment.

Mataki na biyar: idan ƙeya ba ta yanke hukunci ba, auna gaɓa ta biyu daga ƙarshe

Akwai ɗafa-ƙeya da ba su da matsaya ɗaya: -al, -ous, -ent, -ant, -ive, -ence. Wani lokaci ƙarfi yana dab da su, wani lokaci ya ja baya da gaɓa ɗaya. Me ya sa fun-da-MEN-tal amma o-RIG-i-nal? Amsar tana cikin tsohuwar dokar Latin, kuma Bahaushe yana da damar gane ta da sauri fiye da Baturen Ingila.

Duk wanda ya yi nazarin ma'aunin waƙar Hausa ya san gaɓa iri biyu ce. Akwai marar nauyi, wato baƙi da gajeren wasali, kamar gaɓar farko a gida. Akwai mai nauyi, wadda ke da dogon wasali kamar ta farko a rana, ko wadda baƙi ya rufe kamar ta farko a sarki. Da wannan ma'auni ɗin Latin yake aiki. A kalma mai gaɓa uku ko fiye, ana duba gaɓa ta biyu daga ƙarshe. Idan mai nauyi ce, ita ke ɗaukar ƙarfi: a-MI-cus, aboki, mai dogon wasali; ma-GIS-ter, malami, wadda s ya rufe. Idan marar nauyi ce, ƙarfi ya tsallake ta ya koma ta uku: DO-mi-nus, maigida.

Kalmomin da Ingilishi ya ɗauko yadda suke har yau suna bin wannan doka: a-GEN-da, con-SEN-sus, ref-er-EN-dum, mem-o-RAN-dum a gefe ɗaya, FOR-mu-la, MIN-i-mum, STIM-u-lus, cur-RIC-u-lum a ɗaya gefen. Kuma ita ce ke aiki a ƙarƙashin waɗancan ɗafa-ƙeya marasa matsaya. Hanya mafi sauƙi a aikace ita ce ka duba baƙaƙen da ke gaban ɗafa-ƙeyar. Idan biyu ne, gaɓar a rufe take, ita za ka ƙarfafa: u-ni-VER-sal, e-NOR-mous, tre-MEN-dous, in-de-PEN-dent, im-POR-tant, ex-PEN-sive, pro-DUC-tive. Idan ɗaya ne kuma wasalin gajere, ja baya: mu-NIC-i-pal, PER-son-al, GEN-er-ous, ri-DIC-u-lous, PRES-i-dent, sig-NIF-i-cant, SEN-si-tive, com-PET-i-tive.

Raunin dabarar shi ne rubutun Ingilishi, kamar bokon Hausa na yau da kullum, ba ya nuna tsawon wasali. A pro-PO-sal, ar-RI-val da op-PO-nent baƙi ɗaya ne, amma wasalin dogo ne, don haka gaɓar mai nauyi ce. Nan sai ka nemi taimakon aikatau ɗin da ke gida ɗaya da su: pro-POSE, ar-RIVE, op-POSE. Akwai kuma waɗanda Ingilishi ya fi ƙarfin Latin a kansu ya ja su gaba duk da nauyin gaɓar: MIN-is-ter, CAL-en-dar, CHAR-ac-ter, EX-cel-lent, AD-jec-tive, PROT-es-tant. Waɗannan sai hadda.

Haka -ary da -ory suke, sai dai su da ƙarin taki ɗaya. Gaɓa rufaffiya a gabansu tana riƙe ƙarfi: el-e-MEN-ta-ry, doc-u-MEN-ta-ry, sat-is-FAC-to-ry, com-PUL-so-ry. Idan babu, ƙarfi yana tafiya har gaɓa ta huɗu daga ƙarshe: SEC-re-ta-ry, NEC-es-sa-ry, OR-di-na-ry, CAT-e-go-ry, TER-ri-to-ry. Mutanen Ingila sukan haɗiye wasalin kusa da ƙarshe, secretary ta fita kamar "sekritri", Amurkawa kuma su furta shi a cike. A laboratory sun rabu gaba ɗaya: Ingila la-BOR-a-tory, Amurka LAB-ra-to-ry.

Mataki na shida: aikatau marasa ɗafa-ƙeya

Idan aikatau ɗafa-goshi ne da saiwa kawai, saiwar ce mai ƙarfi: pre-FER, com-MIT, re-CEIVE, in-tro-DUCE, rec-om-MEND, con-tra-DICT, in-ter-RUPT. Idan kuma ya ƙare da raunanniyar gaɓa, ta biyu daga ƙarshe ce: de-VEL-op, con-SID-er, es-TAB-lish, im-AG-ine, ex-AM-ine, de-TER-mine. Ukun ƙarshe da "in" gajere suke ƙarewa, ba da "ain" ba.

Daga nan ne aka samu tagwayen nan da masu jarrabawa ke ƙauna, inda suna ke ƙarfafa farko, aikatau ƙarshe: REC-ord da re-CORD, IM-port da im-PORT, CON-duct da con-DUCT, PROD-uce da pro-DUCE, OB-ject da ob-JECT, PER-mit da per-MIT. Kada ka mayar da ita dokar kowa. Re-PORT, sup-PORT da re-PLY ba sa motsi ko suna ne ko aikatau, haka PROM-ise, OF-fer da COM-ment. Suc-CESS ma a ƙarshe take, ko da yake suna ce kuma an saba jin ta da ƙarfin farko a wajenmu.

Mataki na bakwai: nemo ƙaramin ƙarfi

Ingilishi ba ya fara kalma da raunanan gaɓoɓi biyu a jere. Idan babban ƙarfi ya faɗa a gaɓa ta uku ko bayanta, dole ɗaya daga cikin biyun farko ta ɗauki ƙaramin ƙarfi. Wacce? Koma ga uwar kalmar. Ex-AM-ine tana da ƙarfi a "am", don haka a examination ƙaramin ƙarfi yana kan "am", babba a kan "na". Com-MU-ni-cate ta bar wa communication ƙaramin ƙarfi a "mu". OR-gan-ize ta bar wa organization nata a "or". Re-SPON-si-ble ta bar wa responsibility nata a "spon".

Sai dai idan bin uwa zai sa ƙarfi biyu su yi karo kafaɗa da kafaɗa, to ƙaramin yana matsawa gaba. In-FORM tana da ƙarfi a "form", amma a in-for-MA-tion "for" tana dab da "ma", sai ta raunana, "in" ta karɓa. Haka pre-PARE da prep-a-RA-tion, ex-PLAIN da ex-pla-NA-tion. Wannan mataki ba a cika tambayarsa a jarrabawa ba, amma shi ke sa doguwar kalma ta fita da tafiyarta maimakon ta fito a miƙe.

Mataki na takwas: gyara wasula

Yanzu da ka san gaɓa mai babban ƙarfi da mai ƙarami, bi sauran ka tauye su. A com-MU-ni-cate kada "com" ta fita da o cikakke, ɗan "kəm" ne a gurguje. A ad-MIT, sup-PORT, col-LECT, wasalin farko kusan babu shi. Ƙarshen -tion "shən" ne, -ous "əs", -ment "mənt", -al kuma kusan l ne kaɗai.

Wasalin gaɓa mai ƙarfi ma yana da nasa sauyi. Idan ɗafa-ƙeya ya mayar da gaɓa ta zama ta uku daga ƙarshe, dogon wasalinta yakan gajarce: di-VINE ta zama di-VIN-i-ty, SANE ta zama SAN-i-ty, se-RENE ta zama se-REN-i-ty, NA-tion ta zama NA-tion-al da gajeren a. Gaban -ic ma haka: TONE da TON-ic. Gaban -tion kuwa a da o da u dogaye ne, kamar a re-LA-tion, pro-MO-tion, so-LU-tion, amma i gajere ne kullum: po-SI-tion, con-DI-tion, tra-DI-tion. Wani lokaci har rubutu yana nuna sauyin, shi ya sa pronounce ke da "oun" amma pronunciation ke da "un". Masu cewa "pronounciation" uwar kalmar ce ta ja su.

Mataki na tara: gina ta a baki daga baya

Sanin doka daban, baki ya saba daban. Fara furtawa daga gaɓa mai ƙarfi zuwa ƙarshe, sannan ka riƙa ƙaro gaɓa ɗaya-ɗaya ta gaba: BIL-i-ty, si-BIL-i-ty, spon-si-BIL-i-ty, re-spon-si-BIL-i-ty. Amfanin wannan shi ne murya ta riga ta san inda za ta sauka kafin a ɗora mata sauran kaya. Idan kana shakka tsakanin gaɓoɓi biyu, ja kowacce da tsawo fiye da kima, kamar mai kiran wani daga nesa, ka saurara. Wadda ba daidai ba za ta yi wa kunne banbaraƙwai, muddin ka taɓa jin kalmar daga bakin wanda ya iya.

Kuma ka riƙa koyon kalmomi gida-gida, kada ka ɗauke su ɗaiɗai. OR-i-gin, o-RIG-i-nal, o-RIG-i-nate, o-rig-i-NAL-i-ty: saiwa ɗaya, ƙarfi a wuri uku, kuma kowane motsi akwai dokar da ta jawo shi. Con-FIDE, CON-fi-dent, con-fi-DEN-tial, con-fi-den-ti-AL-i-ty: lura yadda -tial mai gaɓa ɗaya ta rabu biyu da -ity ya zo, don yana buƙatar gaɓar da zai ɗora wa ƙarfi. Pre-FER, PREF-er-ence, pref-er-EN-tial. Ka rubuta irin waɗannan gidaje a bayan littafinka, ka riƙa karanta su da ƙarfi.

Bari mu gwada da kalmar da wataƙila ba ka taɓa furtawa ba: incompatibility. Cire in- da com- a gaba, -ity a baya. Raba tsakiya: pat-i-bil. Ƙirga: in-com-pat-i-bil-i-ty, gaɓa bakwai. Ƙeya -ity ce, don haka babban ƙarfi a "bil". Uwar kalmar com-PAT-i-ble ce, ƙaramin ƙarfi a "pat" ke nan, kuma in- mai kore ma'ana yana riƙe da ɗan nasa. "Com" ta raunana. Sakamako: in-com-pat-i-BIL-i-ty. Ga wata: interdenominational. Ƙarshenta -al ne a kan -tion, kuma -tion ne mai iko, -al bai gusar da komai ba: in-ter-de-nom-i-NA-tion-al.

Mataki na goma: tabbatar a ƙamus

Bayan ka yi hasashenka, buɗe ƙamus, na takarda ko na waya mai maɓallin sauti. Yi hasashen tukuna, don idan ka fara da dubawa ba abin da zai zauna. A rubutun furuci na ƙasa da ƙasa, ɗan tsayayyen layi a sama, ˈ, yana nuna babban ƙarfi, na ƙasa kuma, ˌ, yana nuna ƙarami, kuma dukansu a gaban gaɓar ake sa su, kafin ta fara. Idan ka ga furuci biyu, duba wanne aka yi wa alamar Ingila, wanne Amurka. Wasu kalmomin ko a Ingila ba a daidaita ba: controversy ana jin CON-tro-ver-sy, ana jin con-TROV-er-sy, duka karɓaɓɓu ne, sai ka ɗauki wanda ƙamus ya fara kawowa. Wasu ƙamusoshin Amurka kuma bayan gaɓa suke sa alamar maimakon gabanta. Idan sabon ƙamus ya shigo hannunka, fara duba kalmar da ka tabbatar da ita, kamar a-BOUT, ka ga ta wane gefe alamar ta faɗa.